Wata na Huɗu: Nono, Gwangwani da Sikelin Jarirai a Omdurman

Jariri namiji lafiyayye wanda watanninsa suka cika yakan zo duniya da nauyin kilo 3.3 a matsakaici. Idan nonon uwa yake sha, jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna zai kai kilo 4.5 a ƙarshen watan farko, 5.6 a na biyu, 6.4 a na uku, 7.0 a na huɗu, 7.5 a na biyar, ya cika wata shida da kilo 7.9. Mace takan gaza haka da kaɗan, amma tafiyar ɗaya ce. Duk wanda ya zauna ya yi lissafi zai ga abin da ke tayar wa iyaye mata hankali: ƙarin da ya haura kilo guda a watan farko ya sauko giram 600 a na huɗu, ya sauko 400 a na shida. Yaron lafiyarsa lau, nonon uwarsa kuma yana nan yadda yake, haka ɗan Adam ke girma. Sai dai a daidai wannan lokaci ne mai goyo ke fara jin maganganun da ta sani tun kafin a faɗe su, ko a Kano take ko a Omdurman: nonon bai ishe shi ba, yaro ya tsaya, dubi ɗan maƙwabta mai shan madara yadda ya yi ɓul-ɓul. A garin da famfo ke zuba kuma wuta ba ta ɗaukewa, sauraron wannan shawara asarar kuɗi ce kawai. A Kartum da Omdurman na shekarun yaƙi tana iya cin ran yaron, shi ya sa ya dace a bi diddigin inda ta samo asali.

Kafin a ɗora wa kaka ko suruka laifi, a san cewa asibiti ma ya yi shekara da shekaru yana wannan kuskure. Katin awon da ake ɗiga nauyin yaro a kai wata bayan wata yana da tushe a Najeriya, domin a ƙauyen Imesi-Ile ne likitan yara ɗan Ingila, David Morley, ya yi aikin da ya haifar da shi a ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960. Dabara ce mai kyau ƙwarai. Matsalar ita ce layin da ake gwada yaro da shi. Daga ƙarshen shekarun 1970 ƙasashen duniya suka karɓi jadawalin da Amurka ta fitar a 1977, wanda ɓangarensa na ƙananan yara an ɗauko shi ne daga awon jariran wani yanki na jihar Ohio tsakanin 1929 da 1975. Yawancinsu 'ya'yan Turawa ne masu rufin asiri, akasarinsu madarar kwalba suka sha, kuma bayan wata uku-uku ake auna su, tazarar da ta yi nisa ga watannin da jiki ke sauyawa mako-mako. A kan wannan kati, ɗan nono yakan ɗan haura layi a wata biyu ko uku na farko, daga nan sai a ga yana zamewa ƙasa. Ma'aikaciyar lafiya ta gani, ta faɗa wa uwa abin da ta gani, uwa ta tafi kanti. Mai auna hatsi da mudun da ya fi ƙa'ida girma kullum gani zai yi an tauye shi.

Wadda ta fi kowa fito da wannan a fili ita ce Kathryn Dewey ta Jami'ar Kalifoniya da ke garin Davis. Ita da abokan aikinta sun bi jarirai rukuni biyu daga gidaje masu kama da juna a wadata da ilimi, rukuni ɗaya masu shan nono har shekara guda, ɗayan masu shan madara. Sakamakon da suka wallafa a 1992 ya nuna cewa a wata uku na farko nauyinsu kusan kai ɗaya yake tafiya, daga nan 'yan madara suka fara yin gaba, har suka fi 'yan nono da giram 600 zuwa 650 lokacin cika shekara. Wurin da ya kamata a tsaya a duba shi ne sauran awon. Tsawo bai bambanta sosai ba, kewayen kai ma haka, kuma 'yan nonon ba su yi jinkirin zama ko rarrafe ba, ba su fi laulayi ba. Bambancin a cikar jiki yake. Bayan wannan da wasu bincike masu kama da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake aikin tun daga tushe. Tsakanin 1997 da 2003 ta auna yara kusan 8,500 a ƙasashe shida: Barazil, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. An zaɓi 'ya'yan matan da ba sa shan taba, masu shayarwa, waɗanda talauci bai tauye 'ya'yansu ba. A watan Afrilun 2006 sabon jadawalin ya fito, kuma daga cikinsa alƙaluman farkon wannan rubutu suke. Mai cewa ai 'ya'yanmu daban suke da na Turawa ya lura da sunayen ƙasashen nan. Yaron Akara da yaron Maskat da yaron Oslo, idan suka sami nono da tsafta da kulawa, tsawonsu kusan ɗaya ya fito. Babu dalilin da zai sa na bakin Nilu ya fita daban.

Me ya sa ɗan gwangwani ke fin nauyi? Babban dalili shi ne furotin, sinadarin da ke gina jiki. Nonon mace yana ɗauke da kimanin giram ɗaya a kowace mililita 100, nonon saniya ya ninka haka sau uku, madarar jarirai kuwa tana tsakani, kuma ta da can ta fi ta yanzu yawansa. Furotin mai yawa yana motsa insulin da wasu sinadaran jiki masu hanzarta girma da tara kitse. An gwada wannan kai tsaye a Turai ƙarƙashin jagorancin Berthold Koletzko: jarirai sama da dubu a Jamus, Beljiyam, Italiya, Polan da Sifen, an raba musu madara iri biyu, mai furotin da yawa da mai kaɗan. Da suka shekara biyu, rukunin farko ya fi nauyi ba tare da ya fi tsawo ba, da suka shekara shida kuma masu teɓa a cikinsa sun ninka na ɗaya rukunin fiye da sau biyu. Wato kamfanonin madara da kansu rage furotin suke yi domin 'ya'yan gwangwani su riƙa girma kamar 'ya'yan nono, alhali a unguwa ana matsa wa mai shayarwa ta kamo ɗan gwangwani. Dalili na biyu shi ne kwalbar kanta. Yaro a mama shi ke saki idan ya ƙoshi, a bulumboti kuwa idon babba na kan abin da ya rage, kuma madarar da aka saya da tsada ba a son zubarwa. Sai dai kada a wuce gona da iri. A Belarus an yi gagarumin gwaji da mata da jariransu kimanin 17,000 a 1996 da 1997, inda aka ƙarfafa shayarwa a wasu asibitoci aka bar wasu yadda suke. Gudawa ta ragu sosai a shekarar farko, amma da aka sake auna yaran suna da shekara 6 da kuma 11, ba a ga ƙiba ta ragu ba. Don haka ban ga amfanin tsorata uwa da cewa madara za ta mai da ɗanta mai teɓa ba. Abin da hujja ta tabbatar ya isa: ƙarin nauyin nan ba ƙarin lafiya ba ne.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, kuma shi ne ya shafi Sudan. Jariran Davis da na Turai sun sami wannan ƙarin nauyi ne a gidajen da ruwan famfo ke da tsabta, firji na aiki, gwangwani ba ya ƙarewa kafin a sayo wani. Idan aka cire waɗannan, lissafin juyawa yake yi. Jariri na bukatar kimanin kilo 20 na garin madara a wata shida na farko, wato gwangwani 40 masu rabin kilo. Garin ba a tsarkake yake daga ƙwayoyin cuta ba, shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta ce a tafasa ruwa, a dama da shi tun zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, abin da ya rage kuma a zubar bayan awa biyu. A kwatanta wannan da halin da garuruwan nan uku na mahaɗar Nilu, Kartum da Omdurman da Bahri, suka shiga tun 15 ga Afrilun 2023, ranar da faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Tun kafin yaƙi unguwannin gefen gari da yawa daga amalanken jaki suke sayen ruwa. Da yaƙi ya zo, tashoshin tace ruwa suka tsaya, wuta ta ɗauke, iskar girki ta yi wuya, bankuna suka rufe, asibitoci da dama suka daina aiki. Ko bayan sojoji sun ƙwato Kartum a watan Maris na 2025 ba a huta ba. A watan Mayu jirage marasa matuƙa suka kai hari kan tashoshin lantarki, ruwan famfo ya sake yankewa, mutane suka koma ɗiba daga kogi, kwalara ta bazu, har ma'aikatar lafiya ta ƙidaya mutuwar sama da mutum 170 cikin mako guda, yawancinsu a jihar Kartum. A irin wannan gari uwar da kuɗinta ya gaza sai ta rage cokali ta ƙara ruwa don gwangwani ya kai ƙarshen mako, ruwan kuma wanda ta samu ne. Ɗan madara a nan ramewa yake yi, da yunwa ta gefe guda da zawo ta ɗaya gefen. An ga haka ƙarara a Botswana a 2006, lokacin da ambaliya ta gurɓata ruwa, gudawa ta kashe ɗaruruwan yara, bincike kuma ya gano rashin shan nono shi ne babban abin da ya jefa jarirai cikin haɗari.

Abin takaicin shi ne Sudan na da jari mai kyau a wannan fanni. Binciken gidaje na ƙasa da aka yi a 2014 ya nuna kashi 55 cikin ɗari na jariran da ba su kai wata shida ba nono zalla suke sha, alhali na Najeriya a 2018 kashi 29 ya samu. Omdurman kuma gari ne mai tarihin ungozomanci: a can Mabel Wolff ta buɗe makarantar horar da ungozomomi a 1921, a can kuma asibitin haihuwa da mutanen gari ke kira Dayat yake tun 1957, wanda ya fi kowane girma a ƙasar. Wannan jari ne ke zubewa duk lokacin da aka miƙa wa mai shayarwa gwangwani don kawai sikeli ya yi jinkiri a wata na huɗu. Ba ya kuma dawowa da sauƙi, domin mama gwargwadon tsotso yake kawo ruwa. Yaro ya ƙoshi da kwalba sai ya rage tsotso, nono ya ragu, a ƙara kwalba, kafin wata guda zancen da aka yi bisa kuskure ya zama gaskiya, nonon bai ishe shi ba.

Mai hankali zai ce duk wannan magana ce ta matan da suka ci suka ƙoshi. Matar da ta yi wata da watanni tana dogara da kwano ɗaya na wake ko adas daga takaya, ɗakunan girkin taimakon juna da matasan unguwanni suka riƙe a lokacin yaƙi, ina za ta sami nono? Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta ba ta da daɗin ji. Jikin uwa yana fifita jariri a kan kansa. Binciken shekaru da aka yi a ƙauyen Keneba na Gambiya, inda mata ke ramewa da damina, ya nuna yawan nono da ƙarfinsa ba sa faɗuwa yadda ake zato, kuma ƙara wa masu shayarwa abinci bai ƙara yawan nonon sosai ba, jikinsu ne ya amfana. Sai yunwa ta kai maƙura nono ke ja da baya sosai, ko da yake wasu bitamin da ke cikinsa suna bin abin da uwa ta ci. Firgici kuma, irin na ƙarar bama-bamai, yana iya riƙe saukowar nono na ɗan lokaci, amma ba ya ƙafar da shi. Saboda haka maganin uwa mai yunwa shi ne a ciyar da ita. Kalori 500 take bukata a kan abincinta na kullum, abin da kuɗinsa bai kai ko kusa da na gwangwani 40 ba, ga shi kuma ba ya bukatar tafasasshen ruwa sau takwas a rana. Al'ada ta riga likita gane wannan. Matan Sudan na dama wa maijego madidar hulba, Hausawa na dama kunu, Hausawan da suka zauna a can tun zamanin tafiya Makka a ƙasa kuma sun san duka biyun. Kanwar da ake zambaɗawa a kunun jego dai likitocin Zariya sun daɗe da danganta ta da ciwon zuciyar bayan haihuwa, gara a bar ta.

Batun zafi gajere ne. Kartum takan haura digiri 40 a watannin Mayu da Yuni, kuma da wuya a shawo kan kaka cewa jariri ba ya bukatar ruwa. Amma kusan kashi 88 cikin ɗari na nono ruwa ne, kuma gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe masu zafi sun nuna ɗan nono zalla ba ya bushewa muddin ana ba shi mama duk lokacin da ya nema. Ruwa na cika ɗan ƙaramin ciki ba tare da ya ƙara nauyi ba, a shekarar kwalara kuma ko cokali ɗaya ya isa ya jawo cuta.

Inda masu suka suka fi gaskiya shi ne cewa akwai yaran da suke tsayawa da gaske, kuma wanda ya yi ta nanata cewa jinkiri ba komai ba ne zai iya sa a yi sakaci da su. Binciken 2014 ɗin nan da ya yaba wa matan Sudan shi ne ya nuna kashi 38 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kashi 16 kuma sun rame, tun kafin yaƙi ke nan. Don haka dole a iya bambancewa. Jariri yakan rage nauyi a kwanakin farko, har zuwa kashi 10 cikin ɗari, ya kamata kuma ya mayar kafin ya cika mako biyu, wanda bai mayar ba a duba shi. Bayan nan, jinkirin da ba shi da illa shi ne layin da ke ci gaba da hawa ko da a hankali, yaro na wasa, idonsa garau, yana fitsari mai haske sau shida ko fiye a yini da dare. Layin da ya kwanta ko ya gangaro a awo biyu a jere, fitsari kaɗan mai duhu, yawan barci da kasala, waɗannan na asibiti ne ba tare da jira ba. Ko a nan ma gwangwani ba shi ne abu na farko ba. Ana duba yadda yaro ke kama mama, ko bakinsa ya buɗe ya haɗa da baƙin kewayen ko kan kawai yake tsotsa, ko yana sha sau takwas zuwa goma sha biyu har da dare, ko ana cire shi kafin ya kai ga nonon ƙarshe mai maiƙo, ko wata cuta ce ke cin sa. Tsumburewar da alƙaluma ke nunawa kuwa, mafi yawanta bayan wata shida take taruwa, lokacin da nono kaɗai ya daina isa, aka shiga ba yaro tsinkakken kunu ko nasha wanda ruwa ya fi gari yawa, babu gyaɗa, babu mai, babu ƙwai, gudawa kuma na zuwa tana komawa. Hankalin da ake mayarwa kan wata na huɗu a nan ya fi amfani. Ga shi kuma masana'antar Samil ta Kartum, wadda a da take yin yawancin abincin gyaɗar da ake jinyar tamowa da shi a ƙasar, ta ƙone a watan Mayun 2023.

Saura jariran da ba su da uwa, ko uwar na kwance ba ta iya shayarwa. Duk mai sukar madara ya tuna da gidan marayu na Maigoma a Kartum, inda aƙalla yara 50 suka rasu a makonnin farko na yaƙi saboda masu reno sun kasa isowa, zazzaɓi da bushewar jiki da yunwa suka yi musu yawa, har Ƙungiyar Red Cross ta kwashe kusan yara 300 zuwa Wad Madani a watan Yunin 2023. Ga irin waɗannan, madara magani ce, kuma rashinta mutuwa ne. Amma labarin ya nuna ɗan kwalba ya dogara ga hannun mai damawa, da ruwa, da wuta, da hanyar mota, kuma yankewar ɗaya ta isa. Shi ya sa ƙa'idojin agajin gaggawa suka hana a riƙa rabon gwangwani ga kowa da kowa da sunan taimako. Bayan girgizar ƙasar Yogyakarta a Indunusiya a 2006, jariran gidajen da aka ba kyautar madara sun ninka sauran yin gudawa. Tun 1981 ma akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa da ta hana tallar madarar jarirai da raba samfurinta ga iyaye mata. Tsarin da aka amince da shi shi ne a duba yaro ɗaya bayan ɗaya. A fara neman ko uwar za ta iya dawo da nononta, abin da ke yiwuwa da yawan tsotso ko bayan makonni da dainawa. In ba haka ba a nemi wata mace ta shayar, hanyar da Musulmi ba baƙinta ba ne, tunda Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, fiƙihu kuma ya tsara 'yan'uwantakar shan nono dalla-dalla. Sai duka biyun sun gagara ake komawa ga madara, da sharaɗin mai bayarwa ya ɗauki nauyin kawo ta ba yankewa har yaro ya kai aƙalla wata shida, tare da makamashin tafasa ruwa, a kuma riƙa ba shi da ƙaramin kofi mai sauƙin wanki maimakon bulumboti. Wannan yaro idan aka ɗora shi a jadawalin 2006, ana iya ganin ya ɗan yi jinkiri a watannin farko, sannan ya riƙa haura layukan daga wata na huɗu zuwa gaba. Ma'aikaciyar da ke riƙe da katin ta san tafiyar madara ke nan, kada ta nuna wa matar da ke bayansa a layi, mai goyon ɗan nono, a matsayin abin da ɗanta ya gaza kaiwa.